Jana'izar Muntasir

Sunan shirinmu Ido Biyu, kuma duk wani abin tsoro da ke cikinsa da rana tsaka yake faruwa. Masu kallo suna yabon wannan, wai wata dabara ce tawa ta musamman. Gaskiyar magana ba mu da fitilun ɗaukar fim ne, rana kuwa a Zariya kyauta ce.

Kowane mako sabon labari muke kawowa, da sababbin mutane. Mun yi na rijiyar burtsatse da ke maido wa masu ɗiban ruwa muryoyin mamatansu. Mun yi na wani injin cajin waya a Samaru, wanda duk wayar da ya cika sai mai ita ya manta sunan mutum ɗaya a gidansu. Wani ƙaramin gidan talabijin ne ke nuna mu, daga baya mu ɗora a intanet. Ni Naila ni ke rubutawa, ni ke ba da umarni, ni ce kuma mai faɗa da kowa. Suhail ke riƙe kyamara, Eric ke kula da sauti, sauran kuwa ɗalibai ne masu son ganin fuskarsu a talabijin.

Labarin wannan makon na wata gawa ne da ta ƙi isa maƙabarta. Masu ɗauke da ita za su yi ta tafiya, duk kwanar da suka sha sai su tsinci kansu a lungun da suka baro. Matsayin gawar na ba ƙanena Muntasir. Ba don ya iya ba. Mutum ne da gemunsa da digirinsa na aikin gona, amma da ya ga kyamara sai dariya ta ƙwace masa, ga shi ya dame ni da roƙon in sa shi a fim. Na ce to ga daidai kai, ka kwanta ka yi shiru. Ko wannan ɗin ma sai da ya ba ni wahala. A wajen gwaji ya yi atishawa, ya yi susa, ya tambaya ko akwai sauran alale. Ranar na yi masa tatas a gaban kowa.

"Ka ji ni da kyau, Munta. Ko gobara ta tashi, kada ka motsa sai ka ji muryata na ce ya isa."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi. "Na mutu."

Mama ba ta san abin da muke shiryawa ba. Da ta ji an haɗa sunan autanta da likkafani a baki ɗaya, da daga ni har kayan aikina a waje za mu kwana.

Wani mai walda a Chikaji ne ya ƙera mana makara, ya shafa mata koren fenti, ta fito har ta fi ta masallacin unguwarmu kyau. Muka naɗe Muntasir da farin yadi yadda ake yi, ɗauri a ka, a tsakiya da ƙafa, na bar masa 'yar kafar numfashi daidai hanci. Da yake ya taɓa zamewa a gwaji, sai muka ƙara naɗe shi da tabarma, muka ɗaure ta da igiya a jikin makarar, muka lulluɓa koren mayafi mai kauri a sama. Tun kafin naɗin Eric ya manna masa ƙaramin makirfo mara waya a ƙirji, don muna son numfashin gawar ya fito a fim. Duk motsin da ya yi ina jinsa a hedifon ɗin da ke jone da akwatin sautin Eric. Shi kuwa ba ya jin mu ta na'urar ko kaɗan.

Lungun da nake so a Muchia yake, cikin Sabon Gari, dogo siriri, tsakanin tsofaffin katangu. Kullum cike yake da jama'a, in ban da ranar Juma'a lokacin da maza suka tafi masallaci. Masallacin su Muntasir da Suhail a Samaru yana riga na Muchia idarwa, don haka suna sallamewa muka cika motar haya muka taho. Lissafina shi ne mu gama kafin a taso daga masallacin da ke bayan kwanar lungun. Masu ɗaukar makarar su huɗu ne, biyu daga ciki Japheth da wani abokinsa, 'yan cocin su Eric, mun sa musu kaftani da hular aro. Suhail ya haye saman wani bene da ba a gama ginawa ba. Bazara ce, irin zafin da ko kare ba ya barin inuwa.

Ɗauka ta farko ta yi kyau. Ta biyu ma ta yi. Na ce a sake, don hular Japheth ta karkace.

Suna gab da ƙarshen lungun aka taso daga masallaci. Wani dattijo mai carbi ne ya fara shawo kwanar. Ya ga makara, ya tsaya cak, ya juya ya ɗaga murya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ga shi nan an kawo shi."

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ke biyo baya. Ni ma na sani, kawai dai bai taɓa faɗo mini a rai ba. Ba a ganin makara a wuce. Kowa so yake ya sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne ya samu lada, na baya ya karɓe shi, wani ya karɓi wancan. Kafin in buɗe baki mutane sun cika lungun, an karɓe makarar daga kafaɗun yaranmu cikin ladabi, har ana yi musu sannu. Na ga koren mayafin yana tafiya a saman kawuna, ya sha kwana.

Ni da Eric muka bi su a guje. A hanya nake tsintar labarin daga bakin mutane. Wani direban tirela ne a unguwar, Malam Bappa, ya rasu jiya a hanyar dawowa daga kudu. An kai gawar gidan wansa a Chikaji don a yi mata sutura, liman kuma ya sanar cewa za a kawo ta nan bayan Juma'a. Jama'a jira suke yi, sai ga mu.

A hedifon na ji Muntasir yana danne dariya. "Kai, Yaya Naila," ya yi raɗa, "ina kika samo mutane haka?"

Aka ajiye makarar a filin gaban masallaci. Wani ya ce a jira 'ya'yan mamacin, dattijon nan mai carbi ya ce gawa ta kwana a hanya ga kuma zafi, a gaggauta, suna tafe. Nan da nan sahu ya miƙe. Sauran ɗalibai biyun da suka ɗauko makarar, waɗanda suka san yadda ake sallar gawa, su ne suka fara ɓacewa, ko hularsu ban sake gani ba. Japheth da abokinsa kuwa an ɗauka dangi ne, tunda su suka kawo gawa, aka ja su sahun gaba aka tsayar bayan liman. Daga inda nake ina hango wuyan Japheth yana sheƙi da gumi, kuma na san akwai sarƙar gicciye a ƙarƙashin kaftanin nan.

Wani ya ce mata su matsa gefe. Na matsa har jikin ƙofar wani gida da ke fuskantar filin. Eric ya cire akwatin sautin ya rataya mini a wuya.

"Dem go bury am o," in ji shi da Turancin buroka, wato binne shi za su yi. "Naila, yi magana mana."

Liman ya yi kabbarar farko.

Numfashin da ke cikin kunnena ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo da sauri da sauri, da bugun zuciya a bayansa kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ya gane. Babu ɗan fim ɗin da zai iya kabbara irin wannan.

Na cika ƙirjina da iska zan yi ihu. Sallar gawa shiru ake yinta, ko tari na yi kowa zai ji.

"Yaya," in ji shi, a hankali ƙwarai. "In kina ji na, kada ki yi magana yanzu. Su Japheth suna nan kusa, na ji muryarsa. In aka gane a nan, ba za su fita ba. Bari su fita tukuna."

Na haɗiye ihun. Mutanen da ke tsaye a filin nan ba mugaye ba ne, alheri ne ya tsayar da su cikin rana. Amma na san yadda ran mutum ke tashi in ya ji an mai da sallarsa wasa, na kuma san taro ba ya tsayawa sauraron bayani. Na tsaya ina kallo ana yi wa ƙanena sallah yana ji. Kabbara ta biyu, ta uku. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa rubutawa ba, ni da tsoro ne sana'ata. A ta huɗu na ji shi ma yana motsa baki, yana bin liman.

Ana sallamewa aka sungumi makarar. Ba tafiya suke yi ba, sassarfa ce. Na ga Japheth ya ja hannun abokinsa sun faɗa wani lungu. Sai a lokacin na saki muryata.

"Ku tsaya! Yana da rai! Ƙanena ne, ku tsaya! Munta, ya isa! Ya isa!"

Salati da takun ɗaruruwan ƙafafu suka haɗiye maganar. Na bi su da gudu, wani mutum ya tare ni da hannu biyu a buɗe, ko taɓa ni bai yi ba.

"Ke baiwar Allah, mata ba su bin gawa. Yi haƙuri, koma ciki."

"Malam, wallahi yana da rai!"

"Kowa haka yake ji. Ku zo ku kama ta."

Ashe gidan da na jingina da shi gidan Malam Bappa ne. Mata suka fito suka riƙe ni, suka ja ni cikin zaure. Hannuwansu masu taushi ne amma ba su da niyyar saki. Suna ta yi mini sannu, suna cewa in yi ta salati.

"Ɗiyan wa ne?" wata ta tambaya.

"Ko na ƙanwan shi ne na Basawa?"

"Wai ƙanen ta, kun ji. Malam ɗin da a haife ya haife ta."

"Mutanen ta ne suka tashi. Ku danne ta, a kawo turare."

Na yi musu bayani. Na ce fim ne, na ce makarar ta jabu ce, na ce sunansa Muntasir, ɗan gidan wane ne a Samaru. Duk abin da na faɗa sai ya ƙara tabbatar musu aljanu ne ke magana. Wata mai ƙiba ta zauna a kan ƙafafuna, wata ta ɗaga gefen hedifon ɗin ta fara yi mini karatu a kunne. Da ɗaya kunnen nake jin ƙanena. Ina jin ƙarar ƙarfen makarar, da muryoyin maza suna sauyawa a ƙarƙashinsa.

"Yaya, sun fita? To yanzu ki zo. Kafar numfashin ta goce, ba na samun iska."

Daga nan ya gwada ihu. Na ji shi ya tattara ƙarfinsa, amma abin da ya fito bai fi kukan ɗan akuya ba, ya tsaya a cikin yadi da tabarma da mayafi. Ya gwada motsi, igiyar da na sa aka ɗaure da kyau ta riƙe shi da kyau. Wayata ta yi ta ruri a jaka. Daga baya na ji Suhail ne, ya sauko daga benen ya bi taron, duk wanda ya kama rigarsa ya faɗa masa sai a dafa shi a ce Allah ya ba shi haƙuri. Sautin ya fara yankewa, yana shiga yana fita, don sun fara nisa.

"Ku sake ta."

Wata mata ce a bakin ƙofar cikin gida, siririya, da tsohon hijabi ruwan toka, idanunta a bushe. Yadda sauran suka yi shiru na gane ita ce matar mamacin. Inna Ruƙayyatu suke ce mata.

"Ko shigo mini da shi ba su yi ba in yi mishi addu'a," ta ce, ba da kowa take ba. Sannan ta dube ni. "Ke kuma mene ne wannan a kunnen ki, da kike ta kuka kina riƙe shi?"

 Na cire hedifon ɗin na ɗora mata a kan hijabin, na murɗa sautin har ƙarshe. Ta zabura za ta cire, sai ta tsaya. Ko daga inda nake ina jin abin da take ji: shuu na nisa, a cikinsa numfashi mai kaushi, da wata murya da ta dushe har ba a gane ta wane ne, tana cewa la'ilaha illallahu.

"Malam?" in ji ta.

Ta juyo ta dube ni.

"Daga cikin makaran ne?"

"Daga ciki ne, Inna."

"Yana da rai?"

Na san wanda take nufi. Na ga yadda fuskarta ta buɗe, kamar an kunna fitila a ɗaki. Na kuma san ƙanena yana can iska tana ƙare masa.

"Yana da rai, Inna."

"Na faɗa musu," ta ce. "Tun jiya nake faɗa musu ban gan shi da ido na ba."

Ta yar da hedifon ɗin ta yi waje, ko takalmi babu. Mata suka bi ta da kira, "Ruƙayya, takaba! Ke Ruƙayya!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Mai ƙibar nan ta tashi daga kan ƙafafuna don ta kamo ta, ni kuma na suri hedifon na wuce ta gefenta. A waje Eric ya riga ya tare mai Keke mai ƙafa uku, yana ta roƙonsa da Hausa da Turanci a haɗe. Mai Keken ya ga tsohuwa ba takalmi tana nuna hanyar maƙabarta, bai tambayi komai ba.

Ban taɓa sanin Sabon Gari na da masu baro da masu rake da awaki haka ba sai ranar. Kowa ya fito daga masallaci, kowa a tsakiyar titi yake gaisawa. Inna Ruƙayyatu ta riƙe ƙarfen Keken tana magana ita kaɗai, tana cewa dama yana da ciwon suga, dama ya taɓa suma haka a Lokoja har aka fara kuka. Ta dafa gwiwata ta ce Allah ne ya aiko ni. Na kau da kai na danna hedifon a kunne. Babu komai sai shuu.

Muna hango katangar maƙabarta sautin ya dawo. Babu salatin tafiya kuma, babu ƙarar ƙarfe. Muryoyi ne kusa da kusa, kamar a kan ƙirjina suke magana.

"A hankali. Riƙe ta ƙafan."

"Alhaji, jikin shi da ɗumi fa."

"Rana ne. Yi sauri."

Na kasa kunne ina neman numfashin. Yana nan, amma siriri, da dogon shiru a tsakani. Muntasir ya daina magana. Aka yi bisimilla. Na ji gogar yadi a jikin ƙasa, na ji wani ɗan tsakuwa ya gangaro. Sannan na ji ƙwas, an ɗora itace na farko a bakin ramin, sai muryoyin suka koma can nesa kamar an rufe ƙofa.

Ban san lokacin da na diro daga Keken ba. A ƙofar maƙabarta wani ya ɗaga hannu zai tare mu, wani kuma daga ciki ya ce, "Subhanallahi, matan shi ne." Ni da na yi ta ihu babu wanda ya matsa mini. Ita ko kalma ba ta ce ba, maza suka dare biyu suna sunkuyar da kai. Ta ratsa su, ni ina manne da bayanta, har bakin kabarin. An riga an jera itace daga wajen kai zuwa ƙirji. Wani yana tsugune da kwaɓaɓɓiyar laka a hannu.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah," in ji liman.

Ta zauna a bakin ramin ta zura ƙafafu, ta fara ɗauke itatuwan ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a gefe. Babu wanda ya iya taɓa ta. Ta sunkuya ta kama ɗaurin kai.

"Malam, ni ce. Na zo. Yi haƙuri."

Ta yaye yadin.

Fuskar Muntasir ta yi toka-toka, leɓɓansa sun tsage, gemunsa jiƙe da gumi. Idanunsa a rufe. Na faɗi a gwiwa ina kiran sunansa. Amma ita nake gani ta gefen ido, kuma abin da na gani ya fi fuskar ƙanena ba ni tsoro. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallonsa, fitilar nan ta mutu a hankali. Sannan ta kai bayan hannunta ƙarƙashin hancinsa.

"Ku ba ni ruwa," ta ce. "Yaron nan bai mutu ba."

Na kusa da ramin suka ja da baya har wani ya faɗa kan kabarin maƙwabci. Mai laka ne ya yi ƙarfin hali ya miƙo bokitin da yake kwaɓi da shi. Ta sheƙa masa a fuska. Shiru. Ta sake sheƙawa. Ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja wata iska mai ƙara, ya fara tari. Suhail ya kutso daga cikin taron da yagaggiyar riga, shi da Eric da mai lakar suka ciro shi suka kwantar a kan tulin ƙasa. Na tsinke sauran ɗaurin da haƙorina. Hannunsa na fita ya damƙi wuyan hannuna.

"Kin ce ya isa?" ya tambaya, da ƙyar.

"Ya isa, Munta. Ya isa."

Sai gunaguni ya fara tashi daga baya, yana matsowa. Wane ne wannan? Wa ya kawo shi? Ina Malam Bappa? Wani ya hango makirfon a ƙirjinsa ya ce 'yan fim ne, wasa suka zo yi da gawa. Kalmar ta zagaya taron. Na ga wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga itatuwan kabarin. Liman ya ɗaga hannu yana cewa a yi haƙuri, amma muryarsa ba ta kai ko sahu na biyu ba. Eric ya matso bayana.

Inna Ruƙayyatu ta fito daga ramin, ta zauna a ƙasa, ta jawo kan Muntasir ta ɗora a cinyarta. Ta ɗaga ido ta dubi saurayin nan.

"Ajiye," ta ce. "Na miji na ne."

Ya ajiye.

A daidai nan wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar maƙabarta. 'Ya'yan Malam Bappa ne. Sun je masallaci sun tarar da fili babu kowa, aka ce musu ai an tafi binne babansu. Suka sauko da tasu makarar, tsohuwa mai tsatsa, suka shigo da ita suna kallon kowa. Wannan karon babu wanda ya yi gaggawar sa kafaɗa. Aka buɗe musu hanya kawai, suka ajiye ta kusa da tamu. Babban ɗan ya ga uwarsa zaune a ƙasa ba takalmi, da kan wani baƙo a cinya.

Inna Ruƙayyatu ta daɗe tana kallon makarar mijinta. Sannan ta juyo gare ni. Na jira zagi, na jira tsinuwa, da ta mare ni ma da na ji sauƙi.

"Yarinya," ta ce, "abin nan naki. Sa ma wancan, in ji."

Na dubi Eric, Eric ya dubi babban ɗan. Liman ya ce wa ɗan wani abu a kunne, ya gyaɗa kai. Eric ya ɓare makirfon daga ƙirjin Muntasir, ya je ya durƙusa, ya ɗora shi a kan likkafanin daidai ƙirji da hannu biyu. Ni na ɗora mata hedifon, na murɗa sautin har ƙarshe kamar ɗazu.

Duk yawan mutanen nan babu wanda ya yi tari. Ta rufe ido, ta danne hedifon da tafukanta. Muntasir bai saki hannuna ba, ina jin jininsa yana bugawa a cikin yatsunsa. Ta saurara har rana ta fara ƙona mini wuya, har wasu suka fara share hawaye da bakin riga.

Ta cire shi a hankali, ta naɗe wayar a jikinsa, ta miƙo mini.

"To," ta ce wa ɗanta. "Ku yi mishi sallan shi."